Kiran da Ya Maƙale a Faifai

Ranar wata Alhamis ce cikin damina, bayan sallar isha'i, a gidanmu na Ƙofar Guga. Muna tsakar gida: ni, ƙanwata Bilki, Babanmu, da kakarmu Iya, wadda ta haife shi. Babu wutar lantarki, Iya na gasa mana masara a murhu.

A makon ne Baba ya sayo na'urar faifai mai araha, irin wadda ke yin waƙa da fim. Masu irinta a layinmu kowa da ra'ayinsa. Malam Iro mai acaɓa ya ce ba ta ƙin faifai komai karcewarsa. Tela Sani ya ce, "Araha ba ta ado, Malam. Da ta yi zafi sai ta kama in'ina. Tawa sai na yi mata fifita kamar mai jego."

Iya ba ta damu da na'ura ba. Ta juya masara ta ce, "Ga ta nan, ku matso." Muka ce ta zo mu ji ta.

Labarin wata mata ce da ɗanta ya rasu. Dodo kuwa aron muryar matattu yake yi. Sai ya zo bayan danga da dare ya kira ta da muryar yaron. Ta yi shiru. Ya dawo, ta toshe kunne da auduga. Da kiran ya ƙi ƙarewa, wani dare ta amsa. Da safe tabarmarta kaɗai aka samu, da ɗumin jiki a kanta.

"Kiran da ba ku ga mai shi ba, kak ku amsa," in ji Iya. "Ko muryar wa kuka ji hwa."

Ba ta gama rufe baki ba aka kawo wuta. Baba ya fito da talabijin bakin ƙofa, ya saka faifan bikin sunan Bilki, wanda ba mu taɓa gani ba. Ya manta, ko bai yi tunani ba, cewa yayansa Baffa Lawal yana ciki. Baffa ya rasu shekarar da ta gabata. Shi ne ɗan farin Iya, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kuma idan ya gaishe ta a gaban mutane kawar da kai take yi.

Sai ga shi a allo cikin farar riga, yana waigen ɗakinta, yana kira. A daidai nan na'urar ta yi abin da Tela Sani ya faɗa. Hoton ya tsaya cak, rabin fuskar ya rarrabu gida-gida, muryar kuwa ba ta tsaya ba.

"Iya. Iya. Iya."

Bilki ta fashe da kuka. Baba ya danna madanni, bai yi ba. Ya bubbuga na'urar yana cewa, "Innalillahi, wannan wace irin tsiya ce?" Ni bakin Iya nake kallo. Na riƙe gefen zanenta da ƙarfi, ina roƙon Allah a zuci kada ta buɗe shi.

Ta ce, "Na'am."

Baba ya zare wayar daga bango. Masarar ta ƙone, babu wanda ya kula.

Na daɗe ina tashi da asuba in leƙa ɗakinta in ga ko tabarma ce kaɗai. Idan ta yi tari, sai in ruga wurinta. Ban gaya wa kowa ba, don ina ganin faɗar ma za ta gaggauta abin.

Sai da na girma na lura cewa a tatsuniyar, Iya ba ta taɓa kiran matar wawuya ba, ita da ba ta raga wa kowa a labari. Dokar don mu ta kafa ta. Ita kuwa ta yi shekaru tana jin wannan kira daga bakin mai rai, kunya tana hana ta amsawa yadda take so.

Iya ta rayu har ta ga aurena. Da Baba ya sayi sabuwar na'ura mai tsada, faifan ya wuce wurin sumul, Baffa ya kira sau ɗaya hoton ya koma kan masu rabon goro. Washegari Iya ta sa aka kai tsohuwar na'urar da faifan ɗakinta.