Murjanin da Malam Ya Bar Mini

Shekaruna saba'in da huɗu, kuma ba na neman tausayin kowa. Wanda ya zo da addu'a, ƙofata a buɗe take. Wanda ya zo da tausayi, ya ajiye shi a waje tare da takalmansa.

Ranar wata Talata da hantsi ɗanmu Nasiru ya kira ni daga asibiti. Ina tsaye gaban tankin gilashin da ke falonmu, riƙe da 'yar kwalbar gwaji, ina jiran ruwan ya sauya launi. Ya ce, "Mama, Baba ya cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Sannan na dubi kwalbar na rubuta abin da ta nuna, domin da mijina Malam Bashir ne a tsaye a wurin, haka zai yi.

Aikinsa a ma'aikatar tarayya gwajin ruwan sha ne, ni kuwa kimiyya na koyar har na ajiye alli. Da ya yi ritaya sai ya ce teku zai kawo Abuja. Dangi suka yi ta dariya, wai ina mutumin Gumel ina teku. Shi dai ya kafa tankin nan, ya tace ruwa, ya auna gishiri da hannunsa, ya raini murjani mai rai, halittar teku mai rassa kamar itace, da kifaye shida har shekara goma sha ɗaya.

Babban abin da yake tsaro shi ne fosfet, sinadarin da ke taruwa daga ragowar abinci da kashin kifi. Idan ya yi yawa, gansakuka ta rufe murjanin ta shaƙe shi. Akwai maganin da ke kama shi, amma da sirinji Malam yake ɗiga shi a bakin matatar ruwan, ɗigo kaɗan, ya jira kwana biyu, ya sake gwadawa. Na taɓa ce masa, "Malam, ka zuba ka huta mana." Ya ce, "Malama, ba sifili muke nema ba. Ruwan da aka kwashe wa komai ba ya raya komai." Haka ya bi da 'ya'yansa ma. Ban taɓa ganin ya gyara mutum a zama ɗaya ba.

A kwanakin zaman makoki gidan ya cika, ni kuma ina ɗaki ina karɓar gaisuwa. Rana ta bakwai na fito na tarar gilashin ya yi kore, murjanin ya tsuke. Gwangwanin abincin kifin da ke kai mu wata uku ya ƙare. Ƙanwar Malam, Hajiya Talatu, ta ce, "Yaya, ai sadaka muke yi masa. Duk wadda ta shigo sai na ce ta ɗan barbaɗa musu, ladan ya isa kabarinsa." Na ce, "Allah Ya karɓi niyya, Talatu, amma kun kusa aika masa da kifayen su same shi can."

Nasiru injiniya ne, mai son a gama abu yau. Ya ɗauko kwalbar maganin zai juye rabinta. Na riƙe hannunsa. Na gaya masa kifayen za su kasa numfashi, murjanin da ya jure yawan fosfet kuwa faɗuwar sinadarin farat ɗaya ce za ta kashe shi. Ya ce, "Mama, wannan wahala ta fi ƙarfinki. Akwai wani oga mai otal da ke son tankin. Kina fita takaba ki dawo wurinmu." Na ce, "Tun ba a haife ka ba nake riƙe sirinji a ɗakin gwaji. Ni ma so kake ka juye mini magani a zama ɗaya?"

Na sauya ruwa kaɗan-kaɗan, na kankare gilashi, na koma ga ɗigon Malam. Reshe biyu sun yi fari sun mutu, ba zan ɓoye ba. Sauran sun buɗe kafin addu'ar arba'in.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bashir, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da irin sassaucin da ya yi wa halittunKa, manya da ƙanana. Ka ba 'ya'yansa da ƙanwarsa haƙuri, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ga dangi kuma, kada a wahalar da kai wajen taron shawara a kaina. Na riga na sallami mai otal da kaina. Na sa an kawo gishirin shekara guda, na kulle abincin kifi a kabad, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanina. A gidan nan zan zauna. Mai son yi wa Malam sadaka, ya kai abinci inda mutane ke jin yunwa. Kifayensa ni ke ciyar da su.