Yaya Saude da Wayar da Aka Kai Gyara

Shekara huɗu ke nan da muka kai yayata Saude makwancinta a garinmu Sheme, amma har yau zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Tela ce, matar aure mai 'ya'ya uku. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai ga gida ba. Shi ya roƙe ta ta tura mashi bidiyon kanta, irin sirrin da ke tsakanin mata da miji. Wayarshi ta lalace a hanya, ya kai gyara a wata tasha. Kafin sati biyu abin ya zaga Faskari, ya kai Sabuwa. A kasuwar Ƙanƙara na ji wani na cewa, "Turo mani in gani." Ban san da gidanmu ake ba.

Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Wani da har yau ba mu san shi ba ya riƙa kiranta, wai ta same shi bayan gari ko ya tura ma surukanta. A yankin nan na 'yan bindiga, wanda ya tafi bayan gari ba lallai ya dawo ba. Na ce mu kai ƙara wurin 'yan sanda. Ta ce, "Auwalu, in mun je, ai sai sun kalla kafin su rubuta."

Lokacin da aka katse sabis ɗin waya a garuruwanmu kowa na kuka, ita kaɗai na ga ta samu sukuni. Aka maido, hawan jini ya kwantar da ita. Ba ta tashi ba.

Yau ina jin ana kama masu yaɗa irin wannan, ana kai su kotu, wanda ya tura ma bai tsira ba. Da tana raye mi za ta ce? Ƙila ta yi murna. Ƙila kuma ta tambaye ni ko hukunci na maido da abin da ya fita, tunda magana zarar bunu ce. Matasanmu kuwa na ta turawa suna dariya, sun manta abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mi ya rage nata? Keken ɗinki, da riguna a jikin matan da suka guje ta, da yara uku da suka gado kunyarta da haƙurinta. Sai kuma wancan abin, wanda ƙila yana nan a wayar wani da muke haɗa sahu a masallaci.

In kai ne, ba na neman sunanka. Ka goge. 'Ya'yanta sun fara riƙe waya.