Ɗorawar Gwaggo da titin gwamnati

Muna tsaye a gonar gadonmu da ke hanyar Dayi, lauyan da muka ɗauka don ya nemo mana diyya yana duba inda sabon titi zai ratsa, sai ya nuna wata tsohuwar ɗorawa ya ce, "Wannan ta waye?"

Na ce ai tamu ce, tunda gonarmu ce. Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, ta ce, "Gona taku, ɗorawa tawa."

Ashe tun kafin zuwan Turawa, lokacin da mai gari ya yanki gonar don a faɗaɗa ganuwa, kakar kakarta ta wakilta wani malami ya tsaya mata gaban alƙali. Malamin ya ce ƙasa daban, itace daban. Aka ɗauki ƙasar, aka bar mata ɗorawarta. Daga baya gonar ta dawo hannun mazan gidanmu, ita kuwa bishiyar mata ke gadonta har yau.

Gwaggo ta dubi lauya ta ce, "Wancan wakilin ya sa an bar ta a tsaye. Kai fa, ɗan nan?"

Ya ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba, sai an sare ta. Amma zan nema miki diyyarta da sunanki."

Sai ta ce, "To ka ce su bari in kaɗe 'ya'yan bana, in yi daddawata ta ƙarshe."

Ya sa wannan cikin buƙatunmu, a sahun farko.

Ku fa, a gonarku, kun taɓa tambayar wa ke da bishiyoyin?