Tagogin da Baba Ilyasu Ya Buɗe

Har yau ban manta da safiyar da ɗan kwangilarmu ya kira ni wani sabon gida a garin Annandale, nan ƙasar Turawa, ba, muryarsa a sama. Cikin watan Agusta ne, zafin nan mai ɗanko da ke liƙe wa mutum riga a baya.

Ga wanda bai san aikinmu ba: yawancin gidajen katako a nan ba sa zama a ƙasa kai tsaye. Akwai fili tsakanin ƙasa da daɓen gida, wanda ba ya shiguwa sai da rarrafe. Mu ne masu rarrafen. Mukan shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, mu liƙe bakinta da tef, mu manna allunan soso a jikin bango, mu toshe duk wata kafa, sannan a sa na'ura mai tsotse danshi. Idan mun gama, iskar waje ba ta da hanyar shiga.

Ni ne shugaban ma'aikata a lokacin, kuma ni na kawo Baba Ilyasu. Dattijo ne daga wajen Maraɗi, magini tun kafin a haife ni, ya zo wurin ɗansa a Wheaton, zaman banza ya ishe shi. Hannunsa yana da tsabta ƙwarai. Matsalarsa ɗaya: bai yarda da toshe gida ba.

A wannan gidan, magina sun bar ƙananan tagogi a gindin bango, daga baya mai gida ya zaɓi a rufe ƙasan ruf. Muna cikin toshe su Baba ya ce mini, "Nasiru, ko rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi don iska ta ratsa. Gidan da ba ya numfashi, ai ruɓewa zai yi."

Na ce, "Baba, iskar Maraɗi busasshiya ce. Ta nan jiƙaƙƙiya ce, ruwa take shigowa da shi."

Ya yi murmushi irin na babba ga yaron da ya yi karatun boko, ya ci gaba da aikinsa. Ashe ranar da muka gama, da yake shi ne na ƙarshen fita, sai ya bi tagogin ya cire soson ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gefe tsaf.

Muka tafi wani aikin. Masu shimfiɗa katakon daɓe suka zo suka kunna na'urar sanyaya gida. Iska mai zafi ta riƙa shiga ƙasa tana haɗuwa da katako mai sanyi, kamar yadda gorar ruwan sanyi take gumi a rana. Da na isa ranar da ɗan kwangila ya kira ni, daɓen falo ya kumbura, tafiya a kai kamar kan kunya a gona. Na rarrafa ciki da tocila. Katakai suna ɗiga, funfuna ta fara baƙi.

Ɗan kwangila ya tara mu a waje. Ya ce wanda ya buɗe tagogin nan ya bar masa aiki yau. Na san hannun da ya jera soson nan, don haka na yi sauri na ce ƙungiyata ce, ni za a tambaya.

Baba bai jin Turanci sosai, amma ya karanta fuskoki. Ya ce, "Me kake faɗa masa?"

"Baba, bar mini wannan."

"A'a. Gaya masa ni ne."

Kafin in fassara, ya durƙusa ya shige ƙasan gidan. Ya daɗe. Da ya fito tafin hannunsa a jiƙe yake, yana kallonsa. Ya ce a hankali, "Tun ina saurayi nake gini, ban taɓa cutar gida ba sai wannan."

Na roƙi ɗan kwangila iya roƙo. Na ce masa ba ganganci ba ne, tausayin gidan ne. Ya ce ya yarda, amma ba zai iya riƙe mutumin da zai warware aiki a bayan idonsa ba. Ban ga laifinsa ba, sai dai raina ya ɓaci ƙwarai.

Ku da kuka shigo ƙasar nan kwanan nan, abin da na koya ke nan: wanda ya zo bai san komai ba, ba ya ba ni tsoro. Wanda ya iya gini tun a can gida, mai son aikinsa, shi nake zaunarwa, in kai shi ya taɓa jiƙaƙƙen katako da hannunsa kafin in ba shi tef.

Baba yanzu yana yankan nama a wani kanti a Wheaton. Kwanaki wani ɗan garinsu ya sayi gida, ya zo neman shawararsa ina tsaye. Baba ya nuna ni da wuƙar hannunsa ya ce, "Tambayi Nasiru. Ni a ƙasar nan ba magini ba ne."