Tabarmar da Joji Ya Kawo daga Kano

Cikin shekarun da na yi ina tafinta a En'e ta Haɗeja, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na raka Joji, wato Baturen mulki ƙaramin Di'o, zuwa wani ƙauye kusa da Guri.

Matan ƙauyen suna da ƙungiyar saƙar tabarmar kaba. Tare suke rini, tare suke saƙa, kuma a wurinsu En'e ke sayen tabarmin makarantu. Joji bai fi wata biyu da zuwa ƙasar ba, amma har ya gano aikinsu na ƙauye ne. Ya warware wata tabarma da ya sayo a kantin Kano, ya ce in gaya musu haka gwanaye ke yi, in ba su kamo wannan ba kafin kaka, za a kai cinikin wani gari.

Shugabarsu, Iya Gambo, tsohuwa ce mara tsoro. Ta juya tabarmar, ta shafa bakinta, ta daɗe tana duban wani ƙulli a kusurwa.

"Malam, gaya masa ni na saƙa ta, bara, ina fama da ciwon ido," in ji ta. "Don ta karkace na sallama wa dillali."

Matan suka rufe baki da mayafi. Joji ya tambaye ni me ta ce. Na tuna albashina da 'ya'yana huɗu, na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce za su yi ƙoƙari."

Da kaka muka koma. Suka shimfiɗa masa irin tabarmin da suke yi tun kafin a haife shi. Ya duba da kyau, ya ce lalle an samu ci gaba. Ni da hannuna na rubuta rahoton cewa koyarwarsa ta yi amfani, aka aika Kano, aka yaba masa.

Da za mu tafi Iya Gambo ta tambaye ni, a gaban kowa, ko Turancin ne ba shi da kalmar "ni na yi", ko kuwa ni ne ban kai wurin ba a makaranta.

Ku da kuke sababbi a aiki, abin da na koya ke nan: a ofis, wanda ya iya abu daban, wanda ake rubuta wa yabo daban. Tsakaninsu kuma kullum akwai wani matsoraci riƙe da alƙalami, kuma a ranar ni ne.