Ranar da Na Tsefe Kitso a Filin Makaranta

Ni dai karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba. Wata tara na yi ina zuwa wani gida a Gumel inda ake koya wa mata, lokacin maigidana yana tuƙa motar hatsi daga can zuwa kasuwar Maigatari. Da muka koma ƙauyenmu kusa da Gagarawa, sai ya zama a duk unguwarmu ni kaɗai ce macen da za ta rubuta sunan mutum har wani ya iya karantawa. Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, amma nakan ajiye fensir a saman jeren kwanukana, inda duk wadda ta shigo za ta gani.

Shekara biyu ko uku bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi aka ce gwamnati na so a sa kowane yaro a makaranta. Hedimastanmu dattijo ne siriri mai keke. Ya fara koyarwa tun yana saurayi a Sule Tankarkar, aka kai shi Maigatari, ya koma kwaleji ya ƙaro karatu da furfurarsa, sannan aka ba shi makarantarmu mai ɗaki biyu. Ba ya ɗaga murya. Yaro na iya yin ƙarya a gabansa, shi kuwa ya yi ta gyara hula har yaron ya gaji ya faɗi gaskiya.

Shi ya zo ya sami maigidana a zaure ya roƙi a ba shi aron hannuna. Ya ce ɗakin aji ɗaya ba zai ɗauki kowa ba, sai wanda ya kai shekara shida, kuma babu mai takardar haihuwa. Ƙa'idar ita ce yaro ya ɗora hannun dama ta tsakiyar kansa ya taɓa kunnen hagu. In ya taɓa, ya isa. In bai taɓa ba, sai baɗi. Shi zai gwada maza a waje, ni in shiga gidaje in gwada mata in rubuta sunayensu, kafin wani jami'in ilimi ya zo daga Kano ya sake gwadawa da kansa.

Allah Ya yafe mini abin da na yi a makon nan. Na ɗauki littafi na rungume a ƙirji, na riƙa shiga gida-gida ina sallama da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Yarinya ta ɗan karkata wuya, in ce ta miƙe. Uwa ta ce, "Haba, saura ƙiris fa," in ce ni ba ni na kawo ƙa'ida ba, daga Kano take. Kano ɗin da ban taɓa zuwa ba. Har mai yi mini kitso, wadda nake kira Yaya, na mayar mata da 'yarta. Ta dube ni ta ce, "To, sannu Malama." Ni kuwa na ji daɗin sunan, ban lura da yadda ta ja shi ba.

'Yata ta biyu kuwa ban ko damu ba. Shekararta bakwai cif, ni na haife ta, na kuma gwada ta sau ya fi goma, yatsunta har suna kama fatar kunne. Kuma dole ne ta shiga. Yayar maigidana da ke aure a tsallaken iyaka, wajen Damagaram, ta daɗe tana neman a ba ta yarinyar riƙo. Maigidana ya ce magana ɗaya ce: in makaranta ta ɗauke ta, ta zauna, in ba ta ɗauke ta ba, da an gama kaka zai kai ta. Ban yi masa musu ba, don na san an riga an ɗauke ta. Ai ni ce mai littafi.

Ana gobe jami'in zai zo, sai na ce ba zai yiwu 'yar mai rubuta sunaye ta fito kamar kowa ba. Na kai ta wajen Yaya da hantsi na ce a yi mata doka, kitson nan da ake cusa tsumma a tsakiya a tayar da shi kamar tozon bijimi. Yarinyar ta gaji gashin kakarta ta wajen uba, Bafillatana. Yaya ta ce, "A tayar sosai?" Na ce a tayar. Ta ce, "Ke ce kika yi karatu," ta ƙara tsumma.

Da safe na ɗaura mata sabon ɗankwali a kai, muka tafi. Filin makaranta ya cika da yara da kakanninsu da matan auren da mazajensu suka bari suka fito. Jami'in ya zo a Landiroba. Saurayi ne, da tabarau da takalmi sau-ciki. An ce ya gama jami'a, har an kai shi ƙasar waje ya koyo yadda ake tsara makarantu, yanzu aikinsa yawo yana ba hedimastoci shawara. An sa masa tebur a gindin dalbejiya. Ya duba agogo ya ce kafin azahar sai ya kai Maigatari.

Na miƙa masa littafina da hannu biyu. Ya buɗe ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Hedimasta ya nuna ni. Ya ce madalla. Ban san lokacin da na gyara tsayuwa ba.

Aka yi ta kiran yara har aka zo kan 'yata. Ta ɗaga hannu ta ɗora a kan tozon nan, yatsunta suka tsaya a sama suna lilo, tsakaninsu da kunne ya kai faɗin yatsu uku. Ta yi ɗage, kamar tsawon ƙafa ne ya rage. Jami'in bai ko ɗago kai sosai ba, ya ja layi a kan sunan da na fi ƙawata wa rubutu.

"Sai baɗi. Na gaba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekararta bakwai."

"Kowace uwa haka take cewa, Hajiya. Akwai takarda?"

Babu takarda. Ga shi ya kira ni Hajiya, ni da ko Kano ban sani ba. Daga bayana na ji muryar Yaya, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Ai ƙa'ida ce, daga Kano take." Mata suka tuntsire da dariya. Ni kuwa abin da nake gani kawai shi ne yarinyar nan a gaban motar hatsi, da ƙunshin kayanta a cinya.

Hedimasta ya matso kamar zai wuce ya duba randar ruwa. Bai kalle ni ba, ya ce a hankali, "Kitson ne. Je ki tsefe, zan riƙe miki shi."

Daga nan ya koma wajen tebur ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, in an gama da waɗannan, akwai abin da ya daɗe yana damuna, ban sami mai ilimin da zan tambaya ba. Allon nan na aji ɗaya, a bangon gabas ya kamata ya zauna ko na yamma?" Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana rataye allo. Jami'in ya cire tabarau ya goge, ya ce ai wannan tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai, akwai maganar haske, akwai maganar idon yara. Da aka gama kiran sunaye suka shige aji tare.

Na zauna a ƙasa a tsakiyar fili na sa kan yarinyar a cinya. Ba ni da tsinke, ba ni da mataji. Na karyo ƙaya na fara, kitson Yaya kuwa ba ya warwaruwa da wasa. Yarinyar na kuka, ni ina ba ta haƙuri, mata sun kewaye mu suna kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Malama, wannan ma a littafin yake?" Ta taga ina jin muryar jami'in ya bar allo ya koma kan yadda ake jera benci, hedimasta yana cewa, "Ikon Allah. To, in yaran sun fi bencin yawa fa, Yallaɓai?"

Yaya ce ta gaji da kallona. Ta durƙusa ta ture hannuna ta ce, "Matsa, za ki cire wa yarinya fata. Rubutu kika koya, ba tsifa ba." Ta zaro tsinke daga kanta, kafin in gama jin kunya ta fito da tsumman, wani tsohon zanenta ne da ta yaga.

Direba ya riga ya tayar da mota lokacin da suka fito. Hedimasta ya ce, "Yallaɓai, ga wata nan, kamar ɗazu ɗankwali ne ya tare ta." Ya rufa mini asiri, bai ce doka ba. Yarinyar ta tsaya da gashi a barbaje, gefe guda ma ba a gama ba, ta ɗora hannu ta danne gashin ta cafke kunnen gaba ɗaya kamar za ta cire shi. Jami'in ya dube ta, ya dubi tsumman da ke hannuna, ya yi dariya har ya dafa ƙofar mota. Ya ce a sake rubuta ta, ya kuma ce zai sa a cikin rahotonsa cewa a riƙa gwada mata da kai a tsefe. Hedimasta ya ce wannan shawara ce mai kyau, da ba su taɓa tunaninta ba.

Motar na fita Yaya ta ce, "To Malama, ranar da kika gwada tawa, me ke kanta?" Doka ce, har ta fi ta 'yata tsawo. Da muka ƙirga, yara huɗu na mayar saboda kitso. Hedimasta ya ce a kawo su gobe a tsefe, zai nema musu wuri ko a kan tabarma ne. Littafin kuwa ya karɓa ya yi mini godiya, bai sake ba ni shi ba.

Maigidana ya dawo daga Maigatari bayan la'asar, labari ya riga shi zuwa zaure. Ya shigo ya tsaya yana kallon kan yarinyar, har yanzu rabi a tsefe. Ya ce, "An ɗauke ta?" Na ce an ɗauke ta. Ya ce to sai in rubuta wa yayarsa wasiƙa in ba ta haƙuri, tunda ni ce na yi karatu, ranar kasuwa zai ba wani ya tsallaka da ita. Na zauna na rubuta, na ce makaranta ta riƙe yarinya, babu yadda za mu yi. Maganar kitso ban sa ba.