Motar da Ladan Ya Tuƙa a Cikin Zaure

Ladan Direba mutumin unguwar Fadaman Mada ne a Bauchi. Duk wanda ya saba hawa bas daga Bauchi zuwa Jos a shekarun baya ya san shi, ko da bai san sunansa ba: gajere, kakkaura, kullum da tawul a kafaɗa, kuma ba ya tayar da mota sai ya zagaya ya bubbugi kowace taya. Tun yana saurayi ya shiga tasha. Ya yi wankin mota, ya yi kwandasta, har ya kama sitiyari, ya yi furfura a kansa. Masu sauri ba sa son motarsa saboda ba ya gudu. Mata masu goyo kuwa ita suke jira.

Wata rana da damina, ya ɗan wuce Nabordo, tirela ta ƙwace wa direbanta a gangara ta shigo hannunsa. Ladan ya kauce iyakar iyawarsa, bas ɗin ta faɗa kwazazzabo. Aka yi asarar rayuka, ciki har da wata tsohuwa da take zaune daidai bayansa. Shi ƙashin kafaɗa kawai ya karye. Fasinjojin da suka tsira da abokan aikinsa duk sun ce ba laifinsa ba ne, har wasu suka ce ba don shi ba da babu wanda zai fita.

Kafaɗa ta warke, amma Ladan bai sake shiga mota ba. Ba tuƙi kaɗai ba, ko Keke Napep aka tsayar masa, da ya ɗora ƙafa sai gumi ya karyo masa, numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da sabulu da sukari da ashana, matarsa Yelwa tana ƙuli-ƙuli a ciki. Duk inda za shi da ƙafa yake zuwa. Ɗaurin aure ko jana'iza, in dai wajen gari ne, sai ya aika da haƙuri. Haka ya shafe shekaru.

Kwandastansa na ranar hatsarin, Andrawus, shi ma bai koma tasha ba. Ya je ya koyi gyaran kwamfuta, daga baya ya buɗe ɗan shagonsa a kasuwar Wunti, ya yi aure, ya haihu. Bai yar da maigidansa ba. Duk sanda Ladan ya tako zuwa Wunti sarin kaya, a shagon yake hutawa kafin ya juya.

Ran nan ya tarar da Andrawus ya kwantar da wata tsohuwar kwamfuta a kan benci, ya buɗe cikinta. Fara ce a da, amma ta koma ruwan ƙwai. Allonta mai ƙatuwar ƙeya ne kamar tsohuwar talabijin.

"Wannan gawar fa?" in ji Ladan.

"Oga, ba ta mutu ba. Wata makaranta ce ta zubar da su, na tsinto wannan. Riƙe min tocila."

Ladan ya riƙe. Ya ga ƙura ta yi dam a kan fanka, ya ga gidan zanzaro a lungu. Andrawus ya hure, ya goge da burushi, ya ciro wani ɗan batir mai kama da kwabo ya sa sabo. Ya ce ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan, sai an ƙara mata, kuma irin tata an daina yi, sai dai a je wurin 'yan gwangwan a tona. Katin hoto ma haka, da katin sauti.

"Sababbi sun cika shagon nan, me ya kai ka wahala da wannan?"

"Akwai abin da ba ya aiki sai da tsohuwa," in ji Andrawus.

Abin ya shiga ran Ladan. Ya ce ashe ita ma kamar inji ce, in ka saurara za ka ji inda take ciwo. Ya riƙa ƙirƙiro dalilin zuwa Wunti. Yana nan aka soka ƙwaƙwalwar farko kwamfutar ta yi ta ƙara ta ƙi tashi, yana nan aka samo wata ta karɓa. Katin hoton sai daga Legas wani abokin Andrawus ya aiko da shi a naɗe cikin tsumma. Ranar da ta yi kiɗan tashi a lasifika, Ladan ya zabura, sannan ya yi dariya har da tafi.

Wata Asabar da hantsi sai ga Andrawus a ƙofar gida da tsohuwar kwamfutar nan da kayanta niƙi-niƙi. Ya jera su a kan tebur a zaure, ya ja waya daga ɗaki. Daga ƙarshe ya buɗe wani buhu ya fito da sitiyari na roba, da wani faranti mai totur da birki. A cikin kayan gwanjo ya same shi, kuma bakin wayarsa irin na da ne, babu sabuwar kwamfutar da take da raminsa. Dalilin duk wahalar ke nan.

Ladan ya tsaya yana kallon sitiyarin. Yelwa ta leƙo da hannu duk mai.

"Andrawus, mene ne wannan ka kawo mana?"

"Hajiya, wasa ne kawai. Mota ce amma ba ta zuwa ko'ina. Na ce ko Oga zai ɗan motsa hannu."

Ya sa faifai, titi ya bayyana a allo, da itatuwa da duwatsu, da wasu motoci a jere. Ladan ya zauna a hankali kamar wanda aka ce kujerar za ta karye. Ya kama sitiyarin. Hannunsa na dama ya sauka neman giya, ya kama iska. Ya yi bisimilla ya taka totur, sauran motocin suka wuce shi fuu, shi kuwa ya bi hannunsa sannu a hankali. Andrawus ya dubi Yelwa yana murmushi.

A wata kwana, motocin da suka zagayo suka cim masa. Ɗaya ta goge shi, motarsa ta juya, wata ta taho gadan-gadan ta daki gabanta. Andrawus ya ƙure lasifika don a ji daɗin katin sautin da ya sha wuya a kansa. Ƙarar ƙarfe da fashewar gilashi suka cika zauren.

Ladan ya ƙwalla salati ya faɗo daga kujera. Ya dafe kafaɗa yana birgima a ƙasa, idanunsa a buɗe amma ba su yake gani ba.

"Ku fito da tsohuwar! Andrawus, tana bayana, ku ɗaga kujerar!"

Andrawus ya daskare a tsaye. Yelwa ta saki kururuwa, maƙwabta suka shigo a guje, wani ya fizge waya daga bango. Aka yayyafa wa Ladan ruwa, aka riƙe shi ana masa addu'a har jikinsa ya daina karkarwa. Yelwa ta juya kan Andrawus.

"Kai da kake cikin motar nan! Kai da ka ga abin da ya gani! Kashe min shi ka zo yi? Fita!"

Ya fita ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba. A bakin titi ya tsuguna.

Washegari bayan an taso daga coci Andrawus ya dawo da buhu zai kwashe kayansa. Ya tarar da Ladan zaune a zaure, ya rame a kwana ɗaya, yana fuskantar allon da yake a kashe.

"Oga, ka yafe min. Wallahi alheri na nufa."

"Ajiye buhun nan."

"Oga?"

"Sauran motocin, ana iya cire su? A bar ni ni kaɗai a titi?"

Andrawus ya ce ana iyawa. Yelwa da take bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

"Malam, kana cikin hankalinka? Jiya fa a ƙasa muka ɗauke ka!"

"Na sani, Yelwa. Jiya na faɗi, na tashi na ga zaurena. Ban ga kowa a kwance ba." Ya juya ga Andrawus. "Ka rage ƙarar. Kuma birkin nan naka ba birki ba ne, kamar mutum ya taka tuwo."

Andrawus ya kunna.

Daga ranar Ladan ya shiga gyara irin nasa. Ya aika aka samo masa sifirin na tsohon kuloci ya ɗaura a ƙarƙashin birkin don ya yi tauri. Ya sa mai walda ya yi wa wata tsohuwar kujerar bas ƙafafu. In akwai wuta, bayan la'asar, sai ya zauna ya yi tuƙinsa a titin da babu kowa, ba gudu, yana latsa birki kafin kowace kwana. Wani lokaci gumi ya jiƙa masa riga ya tashi ya bar tuƙin. Wani lokaci ya kai ƙarshe.

Bayan wasu watanni ya ce a sa masa mota ɗaya. Daga baya ya ce a ƙara. Da motocin suka yi yawa kwamfutar ta fara sarƙewa, hoto yana tsalle, Ladan ya ce ba zai tuƙa motar da take shaƙewa ba. Andrawus ya koma wurin 'yan gwangwan ya yini yana tona har ya samo ƙarin ƙwaƙwalwa, ya kuma ɗaura mata fanka ta biyu saboda zafin Bauchi. An sake buge Ladan a titin nan ba sau ɗaya ba. Yakan saki sitiyari ya runtse ido, ya yi ta salati, amma bai ƙara faɗuwa ba.

Labari ya kai tasha cewa Ladan ya zauce, da gemunsa fari yana wasan yara. Tsofaffin abokansa suka zo gani da ido. A cikinsu akwai Ya'u, wanda ya yi shekaru yana jan tanka, mutum mai baki da barkwanci. Ya ture Ladan ya zauna yana cewa bari ya nuna musu tuƙi. Ya take totur har ƙasa, a kwana ta biyu ya rungumi dutse, motar ta wuntsila. Aka fashe da dariya. Ya'u bai yi ba. Ya zauna riƙe da sitiyarin, fuskarsa ta canza, leɓensa yana motsi. Can ya miƙe ya fita bai yi sallama ba. Dariyar ta mutu, aka bar kowa yana kallon ƙasa. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa jin Ya'u ya ambaci hatsarin da ya same shi a hanyar Gombe, sai dai a bakin wasu.

Ranar Juma'a Ya'u ya dawo shi kaɗai. Ladan bai tambaye shi komai ba, ya cire masa sauran motocin ya ba shi kujera.

Ana haka, wata safiya kaskon suya ya kife wa Yelwa, tafasasshen mai ya kwarara mata a ƙafa. Ladan ya ji ihunta, ya sungume ta ya yi waje, ya tare Keke Napep ɗin farko da ya gani. Sai da aka shiga da ita ɗakin wanke ciwo, mai keken ya biyo shi yana cewa Baba ka bar takalminka a ciki, sannan Ladan ya gane abin da ya yi. Ya dubi keken, ya dubi mai keken, ya koma gefen kwata ya yi ta amai. Da aka gaya wa Yelwa yadda aka kawo ta, ta manta da ƙafarta, ta riƙa tambayar ma'aikaciyar jinya ko ta tabbata mijinta ne. Da yamma ita aka mayar a keke, shi ya tako da ƙafa.

Ladan bai koma tuƙi ba, kuma ya ce ba zai koma ba. Keke yakan shiga jefi-jefi in tafiyar ba nisa, ya zauna a gefe ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Bas har yanzu ko kusa da ita ba ya zuwa.

A daminar bana tsawa ta ƙona wa kwamfutar akwatin da yake ba ta wuta. Andrawus ya zo ya shinshina ya ce sauran kayan lafiya lau, amma samun irin wannan akwatin sai an dace. Ya sa cigiya a Kano da Jos. Ladan ya lulluɓe ta da tsohon zanen Yelwa, kuma duk sanda ya je Wunti sai ya tsaya a ƙofar shagon.

"An samu?"

"Tukuna, Oga."

"To ka matsa musu. Ni zan iya haƙuri. Ya'u ne ya hana ni sakat."